Sarauniya da Zaren Siliki

A shekarar 1860, a filin Wimbledon na Ingila, Sarauniya Victoria ta buɗe gasar harbi da bindiga. Ba ta kwanta ba, ba ta runtse ido ba. An kafe mata bindigar Whitworth a kan mazauni, aka saita, ita kuwa ta ja zaren silikin da aka ɗaure a kunamar bindigar. Harsashi ya tafi yadi 400 ya sauka daf da tsakiyar allon da aka auna. Sarauta ke nan.

Talakawan da suka gaji gasar, wadda ta koma Bisley a 1890, sai sun sha wuya. Maharbi zai yi rub da ciki yana jan kunamar bindigar da babu harsashi a cikinta, wai yana koya wa yatsa ladabi. Wani ma har kwabo yake ɗorawa a kan bakin bindiga; in ya faɗi, hannu ya yi rawa. Sai ya koyi riƙe numfashi, ya zura wa tutoci ido don karanta iska, ya rubuta kowane harbi a ɗan littafi.

Duk da haka, a yadi 1,000, in aka kuskure, laifin iska ne. Har yau ba ta taɓa musantawa ba.