Jinjina ga Kwatar Lungu

A duk ayyukan ruwa da ke ƙasar Bagauda, babu mai cika alkawari kamar kwatar lungu. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako, yakan ja baya da rani. Na Bagauda ya taɓa ɓallewa a daminar 1988, ya ci gonaki da gidaje. Ita kuwa kwata rani da damina tana bakin aiki, ba ɗan kwangila, ba kasafin kuɗi, ba a taɓa tara makaɗa don ƙaddamar da ita ba.

Shiga lungunan Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada da hantsi ka sha kallo. Ƙarƙashin kowace katanga ga ɗan bututu ya leƙo, yana tsiyayar da ruwan wanka, da na wanki mai kumfar omo, da na wanke-wanke mai maiƙo da guntun tuwo. Na wannan gida ya tarar da na maƙwabci su rungumi juna, zumuncin da masu gidajen ma ba su kai ba. Sai ya kwanta ya yi baƙi ƙirin, gansakuka ta yi masa ado a gefe, 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki. Agwagwa ta samu wurin kiwo, yaro mai rarrafe ya samu wurin wasa, mai kemis ya samu ciniki. Wane aikin gwamnati ne ya taɓa wadatar da jama'a haka?

Allah ya raba mu da ƙauyancin kakanninmu. Su fa ƙasarin da aka wanke gero da shi akuya suke ba wa. Ruwan wanka ya bi bayan makewayi ya shayar da zogale da lalle da gwanda. Na ɗauraya a yayyafa a tsakar gida ƙura ta kwanta. Ruwa ɗaya aiki biyu, sai ka ce matsiyata! Mu da muka waye mun shafe tsakar gida da siminti, mun miƙa wa hanya sauran.

Wasu masu neman wahala suna cewa a haƙa rami nesa da rijiya, a cika shi da fasassun bulo da tsakuwa da yashi, ruwan ya tace ya nutse. Aikin yini guda ne, shi ya sa bai dace da martabarmu ba: babu kwangilar da za ta fito daga cikinsa. Gara masai da rijiya su ci gaba da zama kafaɗa da kafaɗa, in damina ta yi nisa ruwan ƙasa ya taso su gaisa. Amai da gudawar 2021, da ta kashe dubban 'yan Najeriya, Kano na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, ai sai mu ce ƙaddara ce mu shafa fatiha.

Shugabanni ma sun yi abin a yaba. A 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsafta, aka kuma sa 2025 a matsayin shekarar daina bahaya a fili. Jigawa ta yi gaggawa ta cika sharaɗin tun 2022. Mu ba mu da wannan rashin haƙuri. Duba-gari da a da yake leƙa randa da masai ya zama labarin tsofaffi, ga kuma Makarantar Horas da Lauyoyi a Bagauda tana yaye masana doka kowace shekara.

Kwata ba ta da rowa. Ruwan sama na farko zai kwashi abin da ta tara daga Doguwa da Tudun Wada ya zuba a rafukan da ke shiga Kogin Kano, ya sauka Tiga, ya bi magudanan Kadawa da Kura inda ake noman shinkafa da tumatirin da manyan birni ke ci. Kowa da rabonsa, ranka ya daɗe.