Yadda Za Ka Yi Mako Shida a Ebedi Ka Dawo da Littafi

Idan Allah ya sa an ɗauke ka zaman marubuta na Ebedi, gidan da Dakta Wale Okediran ya buɗe a garin Iseyin na Jihar Oyo a 2010, fara da rage kaya. Babbar riga ɗaya ta isa, tunda ba biki za ka ba. Ɗaki aka ba ka kyauta domin ka ƙarasa littafin nan da ka shekara kana ce wa abokai "saura kaɗan". Yaji ma bar shi a gida, miyar can ba ta neman taimako.

Kafin ka hau mota ka shaida wa dangi cewa ba neman kuɗi ka tafi Kudu ba. Wayar kuma ta kwana ƙarƙashin katifa, kada ta fito sai bayan azahar.

A wurin cin abinci ake gane halin marubuci. Akwai wanda zai kwashe labarin littafinsa kaf ya ba ka har amala ta huce, alhali ko shafi ɗaya bai rubuta ba. Daren farko ka saurare shi, haƙƙin maƙwabtaka ne. Dare na biyu ka ce masa, "Malam, karanta mana na yau." Washegari da asuba za ka ga fitilar ɗakinsa a kunne. In layi ya zo kanka, karanta shafi uku ka yi shiru. Idan wata marubuciya daga Uganda ta ce jarumarka ta cika kuka, kada ka yi saurin cewa ba ta san al'adarmu ba. Koma ɗaki ka ƙirga sau nawa baiwar Allah ta fashe da kuka a babi ɗaya. Wannan gyara na tsakani da Allah, daga bakin wanda ba ya jin nauyinka, shi ne abin da ba ka samu a gida. In da Hausa kake rubutu, karanta musu da Hausar kafin ka fassara, domin kunne yana gane jimla mai daɗi ko bai san ma'anarta ba.

Ƙa'idar gidan ce baƙi su riƙa koyar da ɗaliban sakandare na garin dabarun rubutu. Kada ka je musu da laccar jami'a. Ka koyi "E kaaro", wato "ina kwana" da Yarbanci, tukuna, sannan ka shirya wa yarinyar da za ta tambaye ka yaushe littafinka zai fito.

Ranar da alƙalami ya cije, fita ka kalli masaƙan aso oke da Iseyin ta yi suna da su, ka ga yadda zare ke zama zane ba tare da masaƙi ya jira ilhama ba.

Marubutanmu na Hausa, maza da mata, ku rubuta takardar nema. Wanda bai nema ba, ba a kiran sa.