Gurup Ɗin 'Yan Gari

Duk wanda ya ce an bar mutanen karkara a baya, ba a taɓa jefa shi a gurup ɗin WhatsApp na 'yan Unguwar Gai ba ne. Ba a neman izininka. Kana zaune kana shan kunu waya za ta ɗauki tsuwa, kafin ka ajiye ludayi saƙo 80 ya shigo. Shi ke nan, ka zama mamba.

Unguwar Gai mazaɓa ce guda a ƙaramar hukumar Kibiya, amma a gurup sai ka rantse jiha ce. Akwai na gida, akwai yaran shago a Kantin Kwari da Singa, akwai 'yan ci-rani a Legas da Fatakwal, har da wani da ya tafi Umara ya ƙi dawowa, wanda ba ya magana sai da hoton Harami. Dalili ɗaya tak ya sa aka buɗe gurup ɗin: famfon burtsatse ya lalace, a haɗa kuɗi a gyara. Admin ya kafa doka, ban da siyasa, ban da talla, ban da duk abin da bai shafi ci gaban gari ba. Kowa ya ce ya ji ya gani. Aka kuwa kiyaye dokar nan sau da ƙafa, tun daga la'asar har magariba.

Da asubar fari ake buɗe kasuwa. Mutumin da za ka yi wa sallama a hanyar gona ya amsa ciki-ciki, shi ne zai turo hoton jan fure da kofin shayi yana tiriri, an rubuta barka da safiya da ruwan zinare. Furen ba a gonarsa yake ba, shayin kuma ko ka bi shi gida ba za ka sha ba. Ranar Juma'a kuwa ba a magana. Mutum ɗaya zai yi addu'a, mutum 60 su ce amin, wasu 20 su ce amin ga amin ɗin. In aka yi rasuwa, wanda ƙofar gidansa ke kallon gidan makokin ma ta gurup zai yi ta'aziyya, da sitika mai hawaye.

Amma mai fagen gaba ɗaya shi ne Baba mai boyis. Baba ba ya rubutun boko, don haka ɗansa ya nuna masa inda ake dannewa a yi magana, kuma tun ranar gari bai huta ba. Boyis ɗinsa minti 9 ne, in yana sauri. Minti biyun farko sallama da salati. Daga nan sai gaisuwa: ya gaida Admin, ya gaida mai unguwa, ya gaida liman da na'ibinsa, ya bi 'yan Legas ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya ba kansa amsa cewa lafiya lau, madalla. Kana jiyo zakara na cara a bayansa. A tsakiya sai ya dakata: "Kai! Kai Auta, kore akuyar nan daga kan dawar!" Sai tari, sai kurɓar ruwa, sai ya dawo: "To, ina muka tsaya?" Ba mu tsaya ko'ina ba, Baba, ai ba mu ma tashi ba. A minti na ƙarshe zai ce maganar da ta kawo shi babba ce ƙwarai, amma ya ga caji ya yi ja, sai an jima.

A 2021 WhatsApp ya kawo maɓallin da ke ninka saurin murya, kuma ban san wata ƙirƙira da ta zubar da girman dattawa irinta ba. Tsohon da a zaure ba ka isa ka ɗaga kai yana magana ba, yanzu jikokinsa ninka masa gudu suke yi, su ji yana zuba kamar mai gwanjo ranar kasuwa, sannan su rubuto, "Allah ya ƙara girma, Baba, mun ƙaru."

Sai Kawu mai turawa. Shi bai taɓa karanta saƙo ya kai ƙarshe ba, da ya hango "a tura wa 'yan uwa" zai sake shi. Ta hannunsa muka ji gwamnati za ta raba wa kowa tallafi in ya latsa wani shuɗin rubutu ya zuba lambar BVN ɗinsa. Ta hannunsa muka ga hoton hatsarin mota da aka ce yanzu-yanzu ya faru a hanyar Rano, ga dusar ƙanƙara jibge a gefen titi. Shi ne kuma ya sanar da mu ganyen da ke maganin ciwo 40, har da talauci. Da wani yaro ɗan jami'a ya ce, "Kawu, wannan fa ba gaskiya ba ne," sai ya hau shi da faɗa: "To ni na ƙirƙira? Yadda na gani haka na turo. Yaran zamani ba ku da kunya!"

Ba yau farau ba. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da tsakar dare aka riƙa tashin mutane ta waya a faɗin Najeriya, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. Aka yi, wasu suka kwana a asibiti, wasu ma suka rasa rayukansu. Sai ka zaci an yi hankali. Kamfanin WhatsApp da kansa ya gaji, a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda. Kawu ko gezau. Biyar-biyar yake yi, ai mai haƙuri yakan dafa dutse.

Dokar hana siyasa kuwa a 2024 aka yi jana'izarta. Da aka rushe masarautun da aka kafa a 2019, daga baya aka dawo da Rano mai daraja ta biyu da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta, gurup ya cika maƙil da lauyoyi. Mai faci na bayanin hurumin babbar kotun tarayya, mai shayi na yi masa gyara. Masu jar hula da abokan adawarsu suka kwana suna musu, daga maganar sarauta aka gangaro kan wanda kakansa ya zo gari cin rani ya zauna. Wani Alhaji ya fusata ya fice. Abin takaicin, tun 2022 mutum in ya bar gurup Admin kaɗai ake sanarwa, don haka babu wanda ya lura. Da ya ji shiru ba a zo biko ba, sai ya roƙi Admin ya mayar da shi, ya yi boyis na ban kwana mai ratsa jiki, ya yafe wa kowa duniya da lahira, sannan ya sake fita. Jibi ya dawo.

Samari ba su shiga wannan rigimar ba, suna da aikin yi. Shekarar 2024 ce ta mainin, wato neman kuɗin intanet ta waya. A shagon caji, inda janareta ke kuka kuma wayoyi ke jere a kan katako kowace da lambarta, za ka tarar da su sun sunkuyar da kai suna dangwalar wani ɓera a Telegram mai suna Hamster Kombat, da yatsu biyar-biyar. Wanda uban ya yi ta fama ya je cirar gyaɗa ya ce hannu na ciwo, shi ne ya kwana yana dangwale. An yi cinikin motoci da baki, an yi wa 'yan mata alkawarin lefe. Da aka fashe a watan Satumba, da yawansu abin da suka samu bai biya kuɗin datar ba. Ba su karaya ba, sun ce na gaba ne na gaske.

Kwatsam wata rana Admin ya tuna da famfo. Ya rubuto lambar asusu, ya ce kowane magidanci naira 2,000.

Ɗif! Ko Baba bai yi tari ba. Mai furen safiya ya ɓace, Kawu ya daina turawa, lauyoyi suka tafi hutu. Wasu masu wayo suka garzaya suka kashe alamar da ke nuna an karanta saƙo, ba su san a gurup wannan dabarar ba ta aiki ba. Admin na zaune yana kallon sunayensu reras, duk sun gani, har da lokacin da kowa ya gani.

Da aka matsa, sai aka kamo wanda ba shi da bakin kare kansa, wato sabis. "Wallahi Admin, garin nan sai ka hau tudu." Mutumin da ya turo bidiyon wa'azi na awa guda daga cikin ɗaka ke nan. Wani ya ce ya yi taransifa an cire masa amma bai shiga ba. Wannan uzuri gado ne daga wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da da gaske ake cirewa bai shiga ba, kuma har yau ana cin gajiyarsa. Wani ya kawo hujjar cewa an ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a 2025, ya yi bayanin nan a boyis uku da bidiyo ɗaya. Ɗan Legas ya turo hoton rasit, aka yi ta sa masa albarka, sai mai POS ya lura kwanan watan na bara ne, sunan kuma na mai sayar da taki. Na Saudiyya ya turo hoton Harami.

Yara dai na nan suna jigilar jarkoki, mai kura kuma ya ƙara kuɗin ruwa, shi da ba ya cikin gurup ɗin. Mai gyaran famfon ma ba ya ciki, 'yar ƙaramar waya ce da shi mai tocila. Da Admin ya kira shi ya ji ko farashin na nan yadda aka yi da farko, sai da ya yi dariya har ya ƙware.

Aka yanke shawarar kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna, ya ga cewa matsalar ita ce hayaniya ta yi yawa a babban gurup, don haka ya buɗe sabo na mutum 12, masu kishi zalla. Ɗan Baba na cikin kwamitin, kuma yaro ne mai biyayya, sai ya ga bai dace a yi taro babu albarkar manya ba.

Boyis ɗin farko minti 14 ne. Baba ya sayi sabon batir.