Ranar da Bayan Kunkuru Ya Tsage

A arewacin Ingila akwai wata ganuwa da Sarkin Rum Hadiriyan ya sa aka fara ginawa a shekara ta 122 miladiyya, tsawonta mil 73 daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Idan sanyi ya wuce, mutane sukan taru a kangayen barikokin da ke gindinta, su sa sulke da kwalkwali, su rataya takobi, su nuna wa 'yan kallo yadda sojan Rum yake rayuwa. Malaman makaranta ne, da direbobi, da masu gyaran famfo, da 'yan fansho. Sha'awar ta daɗe a ƙasar, domin ƙungiyar Ermine Street Guard tun 1972 take wannan aiki. Labarina dai na wata ƙaramar ƙungiya ce, wadda ba zan kama sunanta ba.

Su ashirin da huɗu ne. Kowa da kuɗin aljihunsa ya ƙera kayansa, wani sai da ya shekara biyu yana haɗa zobban sulke ɗaya bayan ɗaya. Abin da jama'a suka fi so su gani wurinsu shi ne jerin da Rumawa suke kira kunkuru: na gaba su tare gaba da garkuwoyi, na baya su ɗaga nasu sama, kowace ta hau gefen 'yar'uwarta, har kibiya ta rasa ƙofar shiga. Yara sukan jefe su da ƙwallaye, ko ɗaya ba ta ratsawa.

A cikinsu akwai ƙarfafa biyu, kowanne da murya kamar aradu. Kwalkwalin hafsa kuwa ɗaya ne, mai tuntun da ya gitta daga kunne zuwa kunne, tare da sandar kurangar inabi, alamar mai jagorancin soja 80. Da farko karɓa-karɓa suke yi. Wata rana bayan atisaye wani ya ce cikin raha, garken kyarketai ba ya zama sai da babban namiji guda, to wane ne namu? Aka kwashe da dariya, su biyun ma suka dara. Wasa farin girki. Mako mai zuwa aka sake, wannan ya ce wancan ɗan kwikwiyo ne, wancan ya ce haƙoran wannan sun zube. Kafin wata uku kowa ya san bayan wa yake, har wurin shan shayi ya rabu biyu.

Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗanda suka sha wahalar ba su biyun ba ne. Wani saurayi ne sabon shiga, wanda ya ɗinka takalmansa da hannu ya buga musu ƙusoshi. Wannan hafsa ya tsawata masa a gaban jama'a, wai ɗinkin bai dace da ƙarni na farko ba. Gobe wancan ya tsawata masa don ya bi gyaran wannan. Idan fuskar yaron ta canza sai a ce ai wasa ake yi, soja ba ya fushi.

Akwai wani dattijo a cikinsu wanda gwiwa ta hana shi maci, aikinsa ɗinkin tantin fatar akuya irin wanda soja takwas suke kwana a ciki. Wata maraice ya kira su biyun, allura na hannunsa, ya ce:

"Samari, kun san labarin Lusiliyus?"

Suka ce, "Faɗa mana, Baba."

Ya ce masanin tarihin nan Tasitus ya ba da labarin Lusiliyus, wani hafsa a rundunar Rum da ke Panoniya, wanda idan ya karya sandarsa a bayan soja sai ya ɗaga murya a kawo masa wata, har sojojin suka laƙaba masa suna Kawo-Wata. Da Sarki Agustus ya rasu a shekara ta 14, rundunar ta yi tawaye, shi kuwa suka kashe shi. Dattijo ya ci gaba da ɗinkinsa. Kowanne daga cikin su biyun ya kalli ɗan'uwansa yana gyaɗa kai, don kowa ya ɗauka da ɗayan ake.

Zancen kyarkecin ma da suka ɗora rigimar a kansa ba shi da tushe. Ya samo asali ne daga binciken da Rudolf Shenkel ya wallafa a 1947 kan kyarketan da aka tsare a gidan namun daji na Basel, baƙin juna da aka cusa keji ɗaya, dole su yi ta cizon juna. Masanin da ya yaɗa maganar a littafinsa na 1970, Dabid Mek na Amurka, ya shafe shekaru yana bin su a daji, sannan a 1999 ya fito ya gyara maganarsa: garken daji iyali ne, uba da uwa da 'ya'yansu, kuma babban aikin manyan shi ne farauto abinci su ciyar da ƙanana.

Ranar babban taro ta zo, fili ya cika da 'yan makaranta. An shirya wannan zai ba da umarni, amma wancan ya ƙi shiga sahu, ya tsaya a gefe. Da aka jera kunkuru, wannan ya yi kira da Latin a matsa gaba, wancan ya yi kira a tsaya. Rabi suka taka, rabi suka cije. Rufin garkuwoyi ya buɗe a tsakiya, gefen wata ta sauko a kan hancin saurayin nan mai takalma, jini ya zubo a kan sulkensa. Ƙwallayen yara suka yi ta faɗawa cikin tsagar.

Saurayin bai sake dawowa ba. Ya bar takalman a bakin tanti, dattijo ya ɗauka ya shafa musu mai ya adana, ko zai zo neman su. Wasu ma suka zame ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun ce uffan ba. Da shekara ta zagayo, mutum tara suka hallara a gindin ganuwar, biyu daga cikinsu da tuntu a ka, don wancan ya sayo nasa kwalkwalin. Wata yarinya ta ja rigar dattijo ta ce yaushe za a yi kunkuru. Ya ƙirga garkuwoyin da ke jingine da tanti, ya ce mata bana ba za su isa ba.