Kodineta, Likitan Da Ake Kai Wa Gawa

Duk yaron da ya taso daga Anka, Gummi ko Bukkuyum ya samu gurbi a jami'a, ko ta Tarayya da aka kafa a Gusau a 2013, ko ta jiha da ke Talata Mafara, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai malami guda da aka ɗora wa nauyin ba shi shawara. Kodineta ake ce masa. Shi ke sa hannu a fom ɗin rajista, shi ya san kwas ɗin da yake dole, da na ganin dama, da wanda ba a taɓawa sai an ci na gabansa. Ba a biyan ko kwabo kafin a gan shi, ina jin shi ya sa ba a zuwa.

Ba wai ɗalibin namu ya rasa mashawarta ba. Akwai yaron shagon kwamfuta, wanda bai taɓa zama a ajin jami'a ba amma ya cika wa rabin tsangaya fom. "Jiya na yi wa wani ɗan ajinku, bari in kwafo maka irin nasa." Akwai kuma babban yaya na ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma, wanda yake shekara ta shida a digirin shekara huɗu. A ba shi haƙƙinsa, ya san makaranta, don da wuya a sami zauren da bai faɗi jarrabawa a ciki ba. Fatawarsa ita ce a ƙyale kariyoba, wato bashin kwas ɗin da aka faɗi, sai aji huɗu, ai ba gudu za ta yi ba. Nan kam ya yi gaskiya, ba ta gudu.

Lissafin ba wani tsafi ba ne. Maki 70 zuwa sama A ne, daraja biyar. Ƙasa da 40 F ne, sifili, kuma sifilin nan yana shiga jimilla ya janyo GP, wato matsakaicin darajar ɗalibi, ƙasa. Ƙa'idar da aka saba, ɗalibi ba ya ɗaukar fiye da yunit 24 a zango, sannan kariyoba ake fara rubutawa. Mai bashin kwas uku masu yunit uku-uku ya cinye tara tun bai fara ba, saura 15, sabbin kwasa-kwasai su tunkuɗa gaba, gaban ta haifi ƙarin shekara. In ƙarin ya tsallakar da mutum shekara 30 kafin ya gama, kakin bautar ƙasa sai dai ya gani a jikin ƙannensa. Duk wannan kodineta zai warware shi a bayan ambulan cikin minti goma, a makon farko, lokacin da ake iya ƙara kwas ko saukewa.

Su ma dai wasu kodinetocin ba waliyyai ba ne. Akwai ƙofar da takardar "ina dawowa" ta yi ja a jikinta don daɗewa.

A gida kuwa, in Baba ya tambayi sakamako, sai a ce yajin aiki. Yajin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya yi, ya ƙare a Oktoba, amma a wasu gidajen har yau ba a janye shi ba.

Ranar da aka liƙa sunayen masu kammalawa babu na yaro, ranar ake tuna akwai kodineta. A yi shatar mota daga Gummi, a bi ta Ɗaki Takwas, a wuce Anka: ga Baba, ga kawu tsohon kansila, ga zabi biyu a but. Yaron da ya shekara huɗu bai san sunan malamin ba, launin motarsa kawai ya sani, shi ke nuna hanya, har sau biyu ana ɓata.

"Ranka shi daɗe, wanga yaro ɗanka na," in ji kawu. "A duba muna."

Malam ya kalli ɗan nasa da bai taɓa gani ba, ya nemi lambar rajista. Fayil ya nuna kwas ɗin dole na aji biyu ko rajistarsa ba a yi ba, wanda yaron shagon kwamfuta ya kwafi fom ɗinsa ashe ɗan wani sashe ne. Sakamako kuma majalisar jami'a ta riga ta sa hannu, sai baɗi in da rai.

Kafin mota ta kai Anka kawu ya gano bakin zaren: hannun maƙiya ne, kuma ya san gidan. Zabin dai ba su yi asara ba, an miƙa su ga wani malamin, mai allo da tawada.