Zuwa Ga Bakano Mai Gidan Kallo: Araha Ba Ta Ado

Bakano bawan Zage-zagi, gaisuwa daga birnin ilimi. Labari ya iso mana cewa ka buɗe gidan kallon ƙwallo, ka rataya talabijin shida a dogon zaure, ka sa an rubuta "hoto tangaran" a bakin ƙofa. An ce ranar wasan Firimiya ta gaba ce kaɗai ke nuna ƙwallo, ta tsakiya tana ƙifta ido, ta ƙarshe kuwa baƙi ƙirin. Da samari suka ce a mayar musu da kuɗinsu, wai sai da aka yi maka fifita. Ka zagi mai gyara, ka zagi masu wuta, har ka ce aikin maƙiya ne. Ba maƙiyi ko ɗaya, Alhaji. Maƙonka ne ya kama ka.

Zauna in koya maka kyauta, tunda na san kalmar da ke buɗe kunnenka ke nan. Wayar HDMI da ke fitowa daga dikoda, tun da aka fito da tsarinta a 2002, don falo aka yi ta, inda dikoda ke gindin talabijin. Hoton 1080 yana da ɗigo fiye da miliyan 2, ana sabunta shi har sau 50 ko 60 a daƙiƙa, kusan gigabit 3 ke nan na bayanai kowace daƙiƙa. Da wayar ta wuce mita 10 zuwa 15 sai saƙon ya fara galabaita. Kai kuma ka sayi gajeru, ka jona su da mahaɗi, ka naɗe da salatif, ka ce ka yi dabara.

Masu hankali da wayar intanet suke wannan aiki, wadda ake kira Cat6. Siraran wayoyi 8 ne a cikinta, an murɗe su bibbiyu, murɗin ne ke kare saƙo daga hayaniyar lantarki. Akwati ɗaya a gindin dikoda yana karɓar hoto ya raba shi, kowace talabijin kuma da ƙaramin akwatinta a baya mai mayar da saƙon HDMI. Tsarin HDBaseT, wanda Samsung da LG da Sony Pictures da Valens suka tsaya masa a 2010, yana kai hoto da sauti har mita 100 a waya ɗaya. Ƙananan akwatuna masu sauƙin kuɗi sukan tsaya a mita 50 ko 60. Na san idonka ya riga ya sauka kan na biyun. Auna zaurenka tukuna da abin awo, ba da taku ba.

Ga inda na tabbata za ka faɗa rami. Za ka shiga kasuwa, a nuna maka kwali biyu, duka an rubuta Cat6, ɗaya rabin kuɗin ɗaya. Za ka taya, ka yi kamar za ka tafi, ka dawo, ka ɗauki mai arahar kana murmushi wai ka ci riba. Abin da ka saya alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, sau da yawa ma an buga CCA a jikin kwalin, amma kai farashi kawai kake karantawa. Irin wannan waya ta fi jan ƙarfe zalla tauye saƙo, ga saurin karyewa in an lanƙwasa. Gwajinta bai fi minti ɗaya ba: fere bakin waya, kankare ta da wuƙa. In fari ya bayyana, ajiye musu kayansu. Wannan ba atamfar Kantin Kwari ba ce da za ka ce in ta koɗe a rina.

In ka samu ta ƙwarai, kada yaronka ya ɗaure ta tare da wayar janareto don tsimin ƙusa. A raba musu hanya. Kawunan kuma a matse su da tsarin launi iri ɗaya a duka ɓangarorin, a gwada kowace waya da na'urar gwaji kafin a buga ta a bango.

Sai tsohuwar talabijin ɗin nan da ka ɗauko daga ɗakin uwargida don ka cika shida. Kowace talabijin takan sanar da na'ura iyakar hoton da take iya ɗauka, na'urorin rabawa da yawa kuma sukan bi mafi rauni don kowa ya samu. Ita ɗaya mai 720 za ta ja sabbin guda biyar ƙasa, ko kuma a tsaya a 1080 ita ta yi duhu. Mayar wa baiwar Allah kayanta, ka samu lada biyu.

Na ji ana ce kana shirin buɗe wani zaure a bayan gida. A nan za ka buƙaci masu tura hoto ta siwic, irin wanda ake haɗa kwamfutoci da shi. Siwic na gigabit 1 ba ya ɗaukar gigabit 3, don haka dole a matse hoton kafin a tura, matsewar kuma kan jawo ɗan jinkiri. In ka gauraya tsari biyu a zaure ɗaya, 'yan gaba za su yi ihun an ci alhali a baya ɗan wasa bai buga ba. Ka san abin da ke biyo baya, kuma bencinka ne zai karye. Kada kuma ka cusa wayar HDBaseT a siwic don ka ga rami ya yi daidai. Kai iri ɗaya ne, yare daban.

Tambayar da ka aiko a ɓoye kuwa, wai ko dikoda ɗaya za ta nuna Arsenal a gaba, Barcelona a baya, amsarta a'a. Na'urar rabawa abin da aka ba ta shi take maimaitawa. Wasa biyu, dikoda biyu, kuɗin wata biyu. Sha ruwa, zai wuce.

Sayi jan ƙarfe zalla, auna nisa, cire tsohuwar talabijin, ka biya mai gyara haƙƙinsa ba tare da ka ce a bari sai an tashi wasa ba. Karatun nan kyauta ne kamar yadda na alkawarta, amma kuɗin shara na nan a kanka. Watan cika-ciki na zuwa, kuma Bazazzagi ba ya karɓar tsohuwar takarda mai salatif.