Kwale-kwalenka Yana Shan Ruwa a Ɓoye: Ga Yadda Za Ka Kama Shi

Tun da kamfanin Hobie na Kalifoniya ya fito da injin feda mai suna MirageDrive a 1997, masu fatsa a Amurka da Ostareliya suka samu abin da ransu ke so: ɗan kwale-kwalen roba da ake kira kayak, ƙafa na tuƙi da feda, hannu biyu suna kan sandar kamun kifi. Na Hobie fukafukai ne ke kaɗawa a ƙarƙashi, na Old Town da Native Watercraft kuwa farfela ce. A wajen yoyo dai halinsu ɗaya. Jirgin kogo ne rufaffe, kai kana zaune a bisa kamar hakimi, ba ka san abin da ake ƙullawa a ƙasanka ba. Sai ka ji ya yi nauyi, yana tangaɗi, domin ruwan da ya taru a ciki yana bin duk gefen da ka karkata, ya ƙara maka nauyi a can. Abin da ke kifar da mutane ke nan, shi ya sa nake roƙonka kada ka yi wa maganar riƙon sakainar kashi.

Kafin ka tara jama'a, fara auna laifin. Kofi ɗaya ko biyu bayan yini guda a ruwa ba abin kai ƙara ba ne. Gumin cikin jirgi da feshin igiyar ruwa sun isa su kawo wannan. Idan a teku kake, ɗanɗana. In ka ji gishiri, baƙo ne daga waje. In ba gishiri, gumi ne ko ruwan wanki. Amma ranar da soso ya gaji, ka koma kwasa da kwano, to ruwa ba ya tsami banza.

Fara da waɗanda tuhumarsu ba ta cin kuɗi. Matoshin ramin zubar da ruwa da ke baya: ka ɗaure shi kuwa? Kada ka amsa da sauri, je ka taɓa. Sai murfin ma'aji, wanda ƙwayar yashi ɗaya a kan zoben robarsa ta isa ta buɗe wa ruwa ƙofa. Wanke zoben, ka shafa masa man silikon. Sai kusoshin da ka ɗaura da hannunka ranar da ka ƙawata jirgin da mariƙin sanda, da na'urar gano kifi, da wurin ajiye kofin shayi. Kowace kusa rami ce, kuma ruwa ya haddace lissafinsu.

Idan duk waɗannan sun rantse sun kuɓuta, sai a shiga bincike na gaske. Jira dare, ka zura tocila mai haske cikin jirgin, ka rufe, ka zagaya. Inda roba ta siɗe ko ta tsage, hasken zai tona asiri. Gaya wa maƙwabta tukuna, kada a wayi gari ana cewa gidanka aljanu sun kunna fitila.

Hanya ta biyu ita ce a juya wa ruwa wasan: a zuba shi ciki, a ga ta inda zai fita. A nan ne mutane ke ɓata rawarsu da tsalle. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, wasu jiragen kuma tun suna wayam sun haura kilo 50. Wanda ya ɗora nasa kan benci biyu ya cika shi maƙil, ya nemi tsaga ɗaya ne ya samu uku. Lita 20 zuwa 30 ta isa. Goge bayan jirgin ya bushe ƙarau, ka ɗaga gaba ruwan ya gangara baya, ka ɗaga baya ya dawo gaba, ka karkata shi hagu da dama. Sannan ka kwanta a ƙasa da alli a hannu, ka yi haƙuri. Ɗigon ba ya sauka a inda ya fito. Yana bin jikin jirgi ya yi tafiya kafin ya faɗo, don haka bi sawunsa zuwa sama, ka zagaye asalin wurin.

Wadda na fi yarda da ita ita ce ta kumfa, irin ta mai faci da ke neman hujin taya. Rufe murafe, ka kaɗa ruwan sabulu, ka sa wani ya hura iska ta ramin baya da na'urar busar da gashi a kan sanyi, ko da bututun fitar iska na injin shara. Ya riƙe sako-sako, kada ya toshe bakin ramin, kuma kada ma a kawo zancen kwamfaresa, don jirgi ba taya ba ne. Shafa kumfar ko'ina. Ƙananan ramukan da igiyoyin juya akala ke bi za su yi kumfa, ƙyale su, aikinsu suke yi. Zuba ido a wuri uku. Na farko rijiyar feda, wato ramin tsakiya da injin fedar ke zama, domin duk ƙarfin cinyarka a nan yake sauka, sau dubbai a fita ɗaya. Tsagar wurin siririya ce kamar gashi, wani lokaci ba ta buɗe baki sai an danna, saboda haka sa injin a mazauninsa, ka matsa fedar da hannu kana kallo. Na biyu magudanan da suka ratsa jirgin daga sama zuwa ƙasa, musamman idan kana cusa musu ƙafafun 'yar amalanken ja kana bin gargada. Na uku ƙasan wutsiya, wadda ake ja a kan siminti kullum ana cewa ai ɗan taƙi ne.

To, an kama. Ajiye gam ɗin da ka riga ka ɗauko. Ɗauki hoto, ka kwafi lambar jirgin mai harafi da alƙalami 12 da ke jikin baya ta dama, ka kira dila. Idan garanti bai ƙare ba, taɓa tsagar da wuta zai iya ƙona maka haƙƙinka tare da robar.

In kuwa gyaran ya dawo kanka, sani cewa yawancin jiragen nan da robar foliyetilin ake zuba su, ita kuwa ba ta ga-maciji da gam. Za a samu mai ba da shawara a bayanka yana rantsuwa da sufagulu. Gode masa, ka ba shi riƙon tocila. Robar nan walda take so. Huda ɗan rami kamar milimita 3 a kowane ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, ka kankare bakinta ya zama kwari, ka goge tas. Nemo roba irin tata: sandar walda daga dila, ko yanki daga jarka mai lamba 2 a cikin alamar kusurwa uku. Ɗumama jikin jirgin da sandar tare, a fili inda iska ke kaɗawa, har su yi laushi su narke cikin juna. Narkakkiyar roba a kan mai sanyi ɓawo ce kawai, farce ma zai ɓamɓare ta. Wurin da ke ɗaukar nauyi a nutsa masa ragar ƙarfe marar tsatsa. Akwai gam irin G/flex da ke kamawa idan an kankare wurin aka gifta masa harshen wuta da sauri, amma tsagar rijiyar feda ta fi ƙarfin gwaji, kai wa gwani. Kusoshi kuwa a kwance su, a sa musu abin liƙi na jiragen ruwa, a mayar.

Gwajin farko a yi shi a bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, da rigar ceto a jiki. Taka fedar da ƙarfi na rabin awa, ka fito tudu ka buɗe murfi, kada ka buɗe shi a tsakiyar ruwa. Daga ranar kuma soso, da famfon hannu, da salatif mai ƙarfi su zama 'yan rakiya, ka cusa sandunan soso na masu iyo a cikin kogon gaba da baya, domin ko jirgin ya sha ya ƙoshi ya ci gaba da yawo a saman ruwa har ka kai gaci.